Gaisuwar Gobe a Dangoma

Kakata ta wajen uwa 'yar Dangoma ce, can ƙasar Kalgo, amma aure ya kawo ta Gwandu tun kafin a haifi mahaifiyata. A iya sanina ba ta sake komawa ba tun da gwiwoyinta suka fara ciwo. Na ce a iya sanina ne don ban taɓa tambayarta kai tsaye ba. A shekarar da nake magana na dawo gida da digiri a ilimin tsirrai, ina jiran aiki, kuma babbar hidimata ita ce in je in gaishe ta kowace safiya, in zauna ta zolaye ni.

"Mijina ya zo," haka take cewa da zarar ta ji sallamata. "Mi ka kawo min yau? Ko har yanzu takardar ce za mu ci?"

Idonta ne ke tafiya. Likitan ido a Birnin Kebbi ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, don haka tiyata ba za ta dawo da shi ba, ganin zai ci gaba da raguwa a hankali. Abu babba mai haske, idan an kai shi kusa, tana ganinsa. Ƙananan abubuwa kam sun riga sun bar ta.

Wata safiya a ƙarshen damina ta tambaye ni ko a makarantar tamu an koya mana bado. Na ce an ɗan taɓa shi, ban dai ce na ƙware ba.

"Ba farin ga da kunka sani ba," in ji ta. "Na tabkin bayan garinmu. Shuɗi ne, cikinai kamar gwaiduwar ƙwai. In ka kai ido kusa sai ka ga wasu 'yan sanduna tsaye sun yi zobe, kowace da 'yar shuɗiyar hula a kai. Muna yara mukan leƙa har hancinmu ya yi rawaya." Sannan ta ce, "Ina son in sake ganinai kafin idon ga ya ƙare."

Badon yana fure ne na ɗan lokaci bayan damina, kafin ruwa ya janye. Idan ya wuce sai baɗi, kuma babu wanda zai iya cewa ga abin da zai rage wa idonta baɗi. Ban faɗa mata haka ba, amma ina jin ta fi ni sani.

Dabarata ta farko ita ce wadda kowa zai yi. Na hau babur na je Dangoma wajen Kawu, ɗan ƙaninta, wanda ke noman shinkafa yana kuma taɓa kamun kifi. Ya shiga ruwa ya tsinko min fure mai kyau, na sa a bokiti na rufe da rigata. Kafin in iso Gwandu ya dunƙule ya sunkuyar da kai. Kaka ta shafa shi da yatsu ta ce, "Wanga ai kuɓewa ka kawo min." Hoton da na ɗauka da waya ma bai yi ba. Ta kai fuskar wayar har kan hancinta, ta ce tana ganin wani abu shuɗi, amma zai iya zama bokiti.

Sai na tuna da abin da wani malaminmu ya taɓa nuna mana da ƙafar fara. Akwai ɗan gilashi da ake maƙala wa kyamarar waya, ya sa ƙaramin abu ya cika fuska. Matsalarsa ita ce wurin da ke fitowa tangaran siriri ne kamar bakin reza. Idan kan sandar fure ya fito, gindinta ya dushe. Idan gindin ya fito, kan ya tafi. Maganin shi ne ka kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku, ka ɗauki hoto, ka ɗan tura kaifin ciki kaɗan, ka sake ɗauka, haka haka har ka kai ƙasa. Sai wata manhaja a kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito sosai daga kowane hoto, ta jera su su zama guda. Da yake gilashin ba ya ɗaukar furen gaba ɗaya, sai ka bi shi yanki yanki, kowane yanki ya ɗan hau kan na kusa da shi, wata manhajar kuma ta ɗinke su kamar tela. Sharaɗi ɗaya ne: kada furen ya motsa, kada wayar ta motsa.

Na gwada da furen kuɓewar bayan gidanmu. Da hoton ya fito a tsohuwar kwamfutata sai da na miƙe tsaye. Garin furen nan da muke gani kamar ƙura, ashe ƙwallaye ne masu ƙaya, kowace zaune da kanta. Na ɗauki kwamfutar a buɗe na ruga madafa ina cewa, "Inna, duba! Inna, duba!" Mahaifiyata tana tuƙin tuwo, ta leƙa ta ce ma sha Allah, ta ce in matsa kada in faɗa wuta. Na fita zaure na nuna wa mai sayar da ruwa. Ina jin har akuya na nuna wa, ko da yake wannan ba zan rantse ba.

Na koma Dangoma da kayana, da takalman roba dogaye da na ara, saboda na karanta abin da ruwan tabki ke sa wa mutum a mafitsara kuma ban ji daɗin karatun ba. Kawu ya dubi takalman ya ce, "Dakta, ruwan ga zai kai maka ƙugu. Mi takalmi za su yi, ɗebo maka shi?" Dakta yake ce min tun da na gama makaranta, duk da na sha yi masa bayani cewa ban kai nan ba.

Ya ba da shawarar mu tsinko furen mu sa a ƙwarya a bakin ruwa. Mun gwada, ba ta yi ba. Furen da aka tsinka yana fara rufewa a hankali, ido ba ya gani amma manhajar tana gani. Dole sai a inda yake tsaye. Kawu ya kafa karare uku a laka kewaye da wuyan furen ya ɗaure da zare don kada ya yi lilo. Na dasa sandar wayata, na tsaya cikin ruwa, takalman suka cika kamar yadda ya faɗa. Na jira ruwan ya kwanta, na riƙe numfashi, na fara.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. Tabkin yana gefen hanyar fadama, kuma badon yana buɗewa ne da hantsi, daidai lokacin da duk garin ke wucewa gona.

"Salamu alaikum! A'a, ɗan Gwandu ne cikin ruwa? Ina kwana?"

Dattijo ne, da fartanya a kafaɗa. Ni kuwa tun ina ƙarami, idan babba ya gaishe ni gwiwata ba ta shawara da ni. Na rusuna. Ruwan ya yi zobe ya tafi ya daki furen, ƙafar sandar ta ɗan nutse a laka.

"Lafiya lau, Baba."

"Ina wajen tsohuwa? Ina gwiwar?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ina gajiyar hanya? Ina ruwa?"

Kowace tambaya da nata rusunawar. Da ya wuce na gyara sandar na koma farko. Ban yi nisa ba wani ya iso, bayansa wasu biyu, bayansu wata tsohuwa da ta yi wasan ƙasa da Kaka, wadda ta tambayi lafiyar mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu, sannan muka yi musu addu'a.

"Ka yi banza da su mana," in ji Kawu daga cikin kwalekwale.

"Kawu, kai za ka iya?"

Ya hango wani yana tahowa, ya cire hula ya sosa kai. "Wancan shi ya yanka ragon sunana," ya ce, ya miƙe tsaye cikin kwalekwalen yana jinjina, igiyar ruwan da ya tayar ta fi tawa sau biyu.

Da azahar muka zauna a zauren Kawu na ba manhajar abin da na samu. Ta yi ta nishi, kwamfutar ta yi zafi a cinyata, daga ƙarshe ta fito da wani abu mai ciki uku da ganyaye kamar hayaƙi. Kawu ya leƙa, ya ja da baya, ya yi a'uziyya.

"Dakta, wanga aljanin bado ne. Kada ka kai ma tsohuwa, ta tsorata."

Ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Ni ma na yi, amma raina yana wajen ruwan, don na lura da alamar laka a jikin karare: tabkin ya fara janyewa, kuma furannin da suka rage ba su da yawa. Muna cin tuwon shinkafa Kawu ya ce, yana share hawayen dariya, "Mutanen garin ga ba su fasa gaisuwa. Sai dai ka bi su gida gida ka gaishe su tun yau."

Wasa yake yi. Na san wasa yake yi. Amma na ajiye lomar na yi ta juya maganar, na neme ta da aibi ta ko'ina ban samu ba. Ba rashin kunya ba ce, tunda gaisuwar za a yi. Ba ƙarya ba ce, tunda zan faɗi dalili. Bayan la'asar na sa rigata mai kyau na ce ya raka ni.

Mun fara da dattijon nan mai fartanya. Muka gaisa gaisuwar yamma ta yau tukuna, cikakkiya, sannan na gyara durƙuso na ce, "Baba, na zo ne kuma in gaishe ka gaisuwar gobe."

"Tafiya za ka yi?"

"A'a, Baba, ina nan. Cikin ruwa zan kasance." Na yi masa bayanin Kaka da idonta da badon, da yadda rusunawa ke girgiza ruwa. Bayanin ya yi tsawo, don na so ya gane ba raini ba ne, na kuma maimaita hakan fiye da yadda ya kamata.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya gyara zama, ya gyara murya kamar mai shirin ɗaurin aure, ya ce, "To. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kai, yaro! Wa ya gaya maka lafiya lau za ka kwana?"

Gaskiyarsa ce. "Lafiya lau in Allah ya so, Baba."

"Yauwa! Ina gajiya, in Allah ya so?"

"Ba gajiya, in Allah ya so."

"Ina wajen tsohuwa, gobe?"

Kawu ya fita daga zauren da gudu, na jiyo shi a waje yana shaƙewa. Dattijon bai ko yi murmushi ba sai da muka kai ƙarshe, sannan ya fashe da dariya ya daki kafaɗata, ya ce tun da yake bai taɓa karɓar gaisuwa tun ba ta nuna ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce zai raka mu gida na gaba, yana so ya ga fuskar maƙwabcinsa.

Kafin magariba mun zama ayari. Kowane gida muka fita sai mun ƙaru da mutum ɗaya ko biyu. Wasu tun kafin in buɗe baki suke tarbata da "Ina kwanan gobe!" Wani ya ce tunda abin ya zo da sauƙi a haɗa masa da ta jibi. Ƙawar Kaka ta sa aka shigar da ni har tsakar gida, ta karɓi tata, ta ce ita ma ta san badon, kuma Kaka ce ta taɓa tura ta cikin tabkin saboda shi, in gaya mata ba ta manta ba. Ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya sha fura mai tsami da yawa. Ban taɓa yin dariya haka a gaban manya ba, kuma duk lokacin da na tuna hakan sai in kama bakina, sai kuma ta sake ƙwacewa.

Abin da ya biyo baya ya kamata in hango shi. Da hantsi na isa tabkin na tarar da rabin garin a bakin ruwa. Ba wanda ya tafi gona. Sun jeru a kan tudu, maza a nan, mata can gefe da tulunansu, kuma ba wanda ya ce min uffan. Dattijon ya ɗaga min gira kawai, ya nuna ruwan da haɓa.

Na shiga. Mun zaɓi fure mafi buɗewa cikin waɗanda suka rage, Kawu ya ɗaure shi, ya tsaya ta gefen iska da tabarma a miƙe. Ruwan ya kwanta. Na fara daga kan sandunan, na ɗauka, na tura kaifin, na ɗauka. Shirun ya kai ina jin ƙarar tsuntsaye daga can cikin shinkafa. Na lura duk lokacin da na riƙe numfashi mutanen tudu ma suna riƙewa, idan na saki sai in ji "fuu" a bayana kamar garken shanu.

Na gama yanki na farko, na juya wayar kaɗan, na shiga na biyu. Wani abu ya fara tafiya a ƙaurina cikin takalmin. Ina zaton matsattsaku ne. Na ce masa a raina ya ci rabonsa, ba zan motsa ba. Kudan zuma ya sauka tsakiyar furen ya yi ta birgima, muka jira shi, mu duka, har ya gama ya tashi.

Ina tsakiyar aikin sai ga wani baƙo a kan keke daga wani ƙauye, wanda ba a gaishe shi jiya ba. Ya ga taro, ya ga mutum tsaye cikin ruwa, ya ɗaga murya: "Salamu alaikum! Lafiya? Wani ya nutse?"

Gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta. Na ji ta. Sai na ji tudun gaba ɗaya ya amsa sallamar da raɗa, mutum da yawa a tare, kamar iska cikin kara. Dattijon ya kama hannun baƙon ya ja shi bayan wata bishiya, ina jiyo shi ƙasa ƙasa: "Shina lafiya. Gida lafiya. Ba gajiya. Ni ke amsa mai yau." Na tuna an koya mana cewa idan mutum ɗaya cikin jama'a ya amsa sallama ya ɗauke wa saura. Na miƙar da gwiwar a hankali. Ruwan bai motsa ba.

Da na ɗauki na ƙarshe na ɗaga hannu na ce, "Na gama." Sai tudun ya fashe. "Ina kwana! Ina kwana, ɗan Gwandu! Ina ruwa!" Duk gaisuwar da suka danne tun safe ta zubo lokaci guda, duk da an riga an yi ta jiya. Na yi ta rusunawa ta kowane ɓangare har na zame na zauna cikin laka, hannuna ɗaya a sama riƙe da wayar. Matsattsakun ne kuwa, Kawu ya cire shi da gishiri.

Haɗa hotunan ya ɗauki yini. Manhaja ta farko ta bi kowane yanki ta jera shi, ina zaune ina fifita kwamfutar da faifai don kada ta mutu. Sannan na ba ta biyun yankunan ta ɗinke. Hoton ya fara sauka daga sama, layi layi. Shuɗin ya fito, sannan rawayar, sannan sandunan, kowace tsaye tangaran daga gindi har kai, kowace da hularta. Na ƙwala wa Kawu kira da ƙarfin da ya sa kajin gidan suka watse. Aibi ɗaya na gani: a gefen hagu, inda yankuna biyu suka haɗu, bakin wani ganye ya ɗan goce, bai hau daidai ba. Na sake gwadawa ya ƙi gyaruwa.

A Birnin Kebbi na kai wa mai buga fastocin siyasa, na ce ya buga min a kan ledarsu mai faɗin tabarma. Ya buɗe hoton ya ce, "Wannan alamar wace jam'iyya ce?" Na ce ta kakata ce. Na naɗe shi na rataya a baya, na tuƙa babur ɗin a hankali har wasu masu keke suka wuce ni.

Na isa Gwandu da sauran rana. Na sa aka fito da Kaka bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke faɗowa, na warware ledar na riƙe a gabanta da hannu biyu.

"Matso," ta ce. Na matso. "Ja baya kaɗan. Tsaya nan."

Kanta yana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan sanda ɗaya, daidai kan shuɗin, ta matsa kan ta kusa da ita, ta matsa kan ta gaba, tana bin zoben. Ba lalube take yi ba. Inda abin yake nan yatsan ke sauka.

"Kaka," na ce, "akwai wani wuri ta hagu da bai haɗu daidai ba, ban sani ba ko za ki lura, na yi ƙoƙarin..."

"Rufe min baki, mijina," ta ce, ba ta ɗauke ido ba. "Ka ɗaga hannunka sama kaɗan. Kana kare min haske."

Na ɗaga. Na riƙe shi a haka har kafaɗuna suka fara zafi, ita kuwa ta zagaye zoben ta sake komawa farko.